Lissafin Bagaruwa

Ran Talata ta zo, rana na tsaka,
irin ranar Sakkwato mai sa ƙadangare ɗage ƙafa.
Ina tsugune bakin kwatarniya,
hannu cikin ruwan toka.
Ta ce sunanta Zuwaira,
daga ofishin ba masu sana'a shawara.
Na ce, "Ɗiyata, nan wari muke da shi, ba kujera."
Ba ta toshe hanci ba.
Wannan na fara ajiye mata a zuciya.

Na zaci inji za ta yi mini talla,
ko takardar bashi mai gurbin dangwale.
Sai ta kife turmi ta zauna:
"Baba Arzika, fata guda nawa take ci maka?"

Shekara arba'in da ɗaya ina jima.
Da shafa kaɗai nakan raba
akuyar Gwadabawa da ta Illela,
amma tambayar nan ta tsaya mini
kamar ƙayar kifi.

Muka ƙirga.
Bagaruwa tiya kaza. Kurar ruwa biyu.
Gishiri, man gyaɗa, karan dafi,
ladan yara masu kartaji,
fatun da tsutsa ta riga ni,
waɗanda nake cewa ƙaddara in wuce.
Da ta ja layi a ƙasan takarda
sai ga shi, ashe ni ke biyan dillali
don ya yi mini alfarmar kwashe gumina.

Daren nan tuwo bai wuce ba.

Ta dawo. Ta sake dawowa.
"Babban injin nan da kake mafarki,
zai cinye ka kafin ya ci fata ɗari.
Ku haɗu ku bakwai ku sayi ƙarami."
Majema bakwai a inuwa ɗaya!
Ni da Modi ko gaisuwa babu
tun rigimar rijiya.
Wata huɗu tana safa tsakanin zaurukanmu
har takalminta ya ɗauki launin bagaruwa.

Yanzu ga ganga tana juyi a bayan gida,
ga alluna baƙaƙe bisa kwano suna shan rana.
Ranar da ta gasa kakannina
yau ita ce lebura,
ba ta neman na goro.

Amma bari in faɗi inda ta yi tuntuɓe.
Ta ce a rage kwanakin jiƙo,
haka takardunta suka nuna.
Na yi shiru, don mai biro ya yi magana.
Fata sittin suka fito kamar ganda,
ka lanƙwasa, su yi ƙara.
Modi ya ce, "Ga bokonku nan."

Da safe sai ga ta, ba wanda ya aika.
Ta ɗauki ɗaya, ta naɗe, ta ji ta tsage.
Ta daɗe tana kallon tsagar.
"Kuskurena ne. Koya mini."
Na kama babban yatsanta na ɗora a wuyan fata,
inda jiƙo ke makara:
"Nan ake tambayarta ko ta ƙoshi.
Ba agogo ke faɗi ba."
Ta buɗe littafin nan da ya hana ni barci
ta rubuta maganata a ciki,
da sunana a gefe.

Jiya jikana Cika ya ɗauki hoton jar fata da waya,
kafin la'asar wata mai ɗinkin jaka a Legas
ta turo kuɗin talatin.
Ban ga fuskarta ba, ba ta ji warina ba.

Har yau hannuna baƙi ne,
sabulu ya daɗe da sallamawa.
Sai dai in ka tare ni a hanyar masallaci
ka ce fata guda nawa take ci,
zan faɗa maka har da canji.